Baitin da Muka Hana Florimond Rerawa

Kowace safiya Florimond Delcroix yakan rataya jitarsa ya gangara shagon shan kofi na Josiane, ya zauna gefen taga yana taɓa wayoyin a hankali kamar mai rarrashin jika. Tun ana haƙar kwal a garinmu yake haka. An rufe ramin, samari sun watse neman aiki, shi dai ko kujera bai sauya ba.

Da Faransanci yake tsara waƙoƙinsa, shi ya yi baiti, shi ya ɗora kiɗa. An taɓa kiransa Paris, bai daɗe ba ya dawo, wai mutanen can suna sauraron waƙa shiru kamar suna gaban likita. Mu kuwa da dukan tebur muke sauraro, kuma ya ce hakan ya fi masa.

Florimond, kai ne ka tsaya a ƙofar rami cikin ruwan sama lokacin yajin aiki, kana rerawa har yatsunka suka sandare. Kai ne ba a ɗaura aure ko rufe gawa a unguwar mahaƙa ba ka je ba. Mai waƙar marasa suna, faifai ko ɗaya ba ka da shi, amma babu gidan da ba a san waƙarka ta fitilar mahaƙa ba.

Sai dai rabinta muka sani. Amshinta na da daɗi, da ya zo sai mu sarƙe hannuwa muna rangaji. Baitin ƙarshe kuwa na ƙaninsa ne Anselme, wanda ƙurar kwal ta cinye wa huhu. Ƙasa-ƙasa yake rera shi, kuma duk sanda ya fara sai mu koma amshi mu danne shi.

"Tsoho, ka ɗaga murya mana su ji," in ji Josiane.

"Baitin nan ba na ihu ba ne, Josiane. Anselme ma da ƙyar ake jin maganarsa a ƙarshe."

Bara likita ya ce akwai ciwon daji a maƙogwaronsa, in aka yi aiki muryar ta tafi ke nan. Aka shirya masa ban kwana ran wata Lahadi da rana. Abu ɗaya ya roƙa, a bar shi ya kai waƙar fitila ƙarshe, ko sau ɗaya. Josiane ta hau kujera ta sanar.

"Haba Josiane!" in ji Régis, wani tsohon mahaƙi da ya yi aiki tare da Anselme. "Yau za ki koya mana jin Florimond? Kina tsumma muke jinsa!"

Aka yi dariya, aka fara. Da ya iso baitin, shago ya yi tsit, Florimond ya ji abin da ya daɗe yana jira, ya lumshe ido. Yana ambaton Anselme sai Régis ya kasa daurewa. Hawaye na zuba, ya daki tebur ya ɗauko amshi, mu kuma muka bi shi kamar tumaki, kowa na gudun kada a ga kukansa. Josiane tana "Ku yi shiru!", babu mai jinta.

Ita ce ta fi kusa da shi. Ta ce bai tsaya ba, ta ga leɓunansa na motsi har kalmar ƙarshe, sannan ya yi mana murmushi ya sunkuya.

Abin na ci mana rai har yau. Mun gode, Florimond, ka yafe mana. Masu tasowa, ku koyi zama da mutanenku irin nasa. Mu kuma, in wani ya rage murya a gabanmu, mu matsa kusa. An yi aikin, muryar ta tafi. Régis yakan je gidan Florimond yanzu ya ce a kaɗa masa baitin. Florimond ya kaɗa, Régis ya saurara shiru, amma babu mai rerawa.