Ciyawar da Toyin ta Aika Ruga

A Angwan Iya aka haifi Toyin, a ɗakin da ke bayan shagon mahaifinta, mai gyaran injin niƙa da janareto. Iyayenta daga ƙasar Yarbawa suka zo Keffi tun kafin a yi jami'a, ita kuwa ba ta san wani gari ba sai wannan. Ba ta yi nisa a boko ba. Abin da ta iya, a gindin inji ta koye shi. Inji na yin tari za ta gaya maka ko fulogi ne ko kuwa mai ne ba ya wucewa.

Ta auri Abiodun, mai yankan ciyawa. Injin ratayawa a kafaɗa gare shi, duk damina yana bin makarantu da coci-coci da gidajen hayar ɗalibai. Shekara ashirin da huɗu suka yi tare. 'Ya ɗaya Allah ya bar musu, Busayo, wadda take aikin jinya a Abuja. Da ciwon ƙirji ya ɗauke Abiodun, damina ba ta jira kowa ba, ciyawa ta ci gaba da fitowa a filayen da ya saba yankewa. Toyin ta rataya injinsa ta fita. Sati biyu ta yi, kafaɗarta ta ƙi. Lokacin tana da shekara hamsin da ɗaya.

Busayo ta roƙe ta ta komo Abuja ta huta. Ta ce a'a. Ta sayar da injinan niƙa biyu da ta gada, ta hau mota zuwa Mararaba, shagon wani mai suna Chukwudubem da ke sayar da kayan noma. A can ta ga abin da ta zo nema: ƙaramar tarakta ta yankan ciyawa, sabuwa dal, ja, mai kujera da sitiyari, da jakar tara ciyawa a baya. Mai shagon ya riƙa leƙen bayanta, yana jiran namijin da ya aiko ta. Ita kuwa sai ta tattare zaninta ta durƙusa, ta leƙa ƙarƙashin injin, ta taɓa bel, ta shafa bakin wuƙaƙen.

"Idan bel ɗin nan ya tsinke, a ina zan samu wani?" in ji ta.

Daga nan ya jawo mata kujera.

A bayan a-kori-kura aka kawo taraktar Angwan Iya, unguwa ta fito kallo. Wasu suka yi mata murna, wasu suka ce baƙin cikin rashin miji ne ya juya mata kai. Ta kafa mata rumfar kwano a tsakar gida. Filin da mijinta yake kwana biyu a kansa, ita kafin azahar ta gama shi. Aiki ya yi ta zuwa.

A filin wata makaranta ta haɗu da Hapsatu, Bafulatana mai tallan nono, sa'arta ce ko ta ɗan girme ta. Hapsatu ta tsaya a bakin shingen waya da ƙwaryarta a ka, tana kallon ciyawar da aka tara za a zubar.

"Iya, wannan duk juji za ta?"

"Juji mana. Kina so?"

Hapsatu ta sauke ƙwarya. Ta ce rugarsu tana bayan gari, kuma wurin da shanunsu suke kiwo an yanka shi fuloti-fuloti, an kafa duwatsu, wasu har sun ja katanga. Garken kan tafi nesa, amma masu tatsa da 'yan maruƙa a gida suke wuni.

Buhunan farko shanun ba su ci ba. Injin yana niƙe ciyawar da yawa, kafin ta isa ruga ta yi zafi a buhu ta soma tsami. Toyin ta ɗaga wuƙaƙen sama, ta riƙa baza ciyawar ta sha iska kafin a ɗure. Sai shanu suka karɓa. Daga nan abin ya zama al'ada. Mai keke-napep ya kai buhuna ruga, Hapsatu ta biyo da kindirmo ko man shanu, su zauna a inuwar rumfa suna hirar ciwon gwiwa da 'ya'yan da suka yi nisa. Damina biyu ana haka.

A ta uku, cikin watan Agusta, aka kira Toyin wani babban gida da mai shi ke zaune a Abuja, maigadi kawai ke ciki. Ciyawar ta yi kore shar, ta kai gwiwa. Tana cikin yanka ta ji wani wari-wari a gefen katanga, ta ɗauka fetur ɗinta ne ya ɗiga. Ta cika buhu tara ta aika.

Washegari Hapsatu ba ta zo ba. Da hantsi mai keken ya tsaya a ƙofar gida, bai ko kashe inji ba, ya ce mata shanu huɗu sun faɗi a ruga, suna kumfa a baki, kafin likitan dabbobi ya iso sun mutu.

Toyin ta koma gidan nan da ƙafa. Maigadin ya ce ai gara ce ta dame su, shekaranjiya ya yi feshin magani mai ƙarfi a duk gindin katanga.

"Me ya sa ba ka gaya mini ba?"

"Madam, ba ki tambaye ni ba. Ni na san dabba za ta ci?"

Ta juya ta fita, don ta san hancinta ya gaya mata, ita ce ba ta saurara ba.

Maƙwabta suka hana ta zuwa ruga. Suka ce ran mutanen a ɓace yake, ta bari ƙura ta lafa. Busayo ta kira tana kuka, ta ce a kai maganar wurin mai unguwa tukuna. Toyin ta ɗaura ɗankwali ta tafi ita kaɗai.

Ta tarar da Ɓoɗejo, mijin Hapsatu, dattijo mai farin gemu, zaune a gindin ɗorawa yana tufka igiya. Can gefe maza sun taru suna magana da Fulatanci, murya sama-sama. Ta durƙusa ta gaishe shi.

"Baffa, ciyawata ce ta kashe su. Magani aka fesa mata. Na ji wari ban bincika ba."

Ya ci gaba da tufka igiyarsa.

"Ba ni da abin da ya kai shanu huɗu sai injin nan," in ji ta. "A sayar da shi."

"In an sayar, ke ki ci me?" Ya ajiye igiyar. "Damina biyu kina ciyar da su, ban taɓa jin kin ce a biya ki ba. Injinki ba na so, Iya. Wani abu nake so, kuma ya fi wannan nauyi."

Ya nuna mazan da haɓa. Ya ce tun safe suke cewa da gangan aka zuba guba, masu fuloti ne suke so su tashe su. Har sun ambaci sunan wani manomi da suka taɓa yin cacar baki da shi.

"Ni na faɗa musu su yi haƙuri, ba su ji ba. Ki je ki gaya musu da bakinki."

Ta je ta tsaya a gabansu. Ta faɗi gidan, ta faɗi maganin, ta faɗi warin da ta ji ta share. Wani ya daka mata tsawa, wani ya tofar da yawu ya juya baya. Ta tsaya har suka gama. Biyu daga cikinsu suka bi ta zuwa gidan, maigadi ya nuna musu galan ɗin maganin da ya rage. Manomin nan bai taɓa sanin an ambaci sunansa ba.

Hapsatu kuwa ba ta fito daga bukka ba ranar. Ɗaya daga cikin shanun tata ce ta kanta, jikar saniyar da mahaifiyarta ta ba ta lokacin aure. Ta daina biyowa ta Angwan Iya da talla. Toyin ta rufe taraktar da tamfol, wata guda ba ta tayar da ita ba, har masu filaye suka fara neman wani. Da ta koma aiki, ba ta sake aika ko buhu ɗaya ruga ba, su ma ba su nema ba.

Bayan sallar layya ta shekarar da ta biyo, rugar ta tashi zuwa wajen Panda, inda suka ce akwai sauran daji. Ana jibi za su tafi Hapsatu ta zo, ba ƙwarya a kanta. Ta zauna a bakin rumfa, ta sha ruwan da aka ba ta.

"Na so in zo tuntuni," in ji ta. "Zuciyata ce ba ta ba ni ba."

"Na sani."

"Ba na riƙe da ke, Iya. Saniyar ce kawai nake tunawa."

Da ta tashi tafiya, Toyin ta raka ta har bakin titi.

Yau Toyin ta doshi sittin, har yanzu tana hawa taraktarta, duk da jan fentin ya koɗe. Duk filin da aka kira ta, sai ta zagaye shi da ƙafa tukuna, ta tambayi me aka fesa da ranar da aka fesa. Matan unguwa masu awaki sukan zo neman ciyawa, tana ba su ta filayen da ta sani kawai. Kwanan baya wani mai otal ya kasa ba ta amsa, ya ce ta yanka kawai, ba tambaya ya kira ta yi ba. Ta yanka masa tsaf, ta tara ciyawar a tsakiyar fili, ta tsaya a kanta har ta ga an haƙa rami an binne.