Jiminar Yaya

Yayana mai fenti ne, amma bai taɓa shafa wa gida ko mota launi ba. Duk rayuwarsa dabbobin katako ya yi wa kwalliya a filin wasan da ke bakin ruwa, wanda kowa a garin ke kira Lilo. Shi kuma ana ce masa Makiyayi, don yana da garke: dawaki, zaki, raƙumin dawa, da jimina guda, duk a kafe a kan wani faffaɗan faranti mai zagayawa, yara na hawa kiɗa na tashi. Ni ce autar ɗakinmu, kuma ni na raka shi ranar da ya je ɗauko jiminarsa.

Wanda bai ga Lilo a zamaninsa ba, in na ba shi labari sai ya ɗauka tsufa ne ya sa nake ƙara gishiri. Ruwan nan da yanzu ko kare ba zai sa baki a cikinsa ba, da in ka leƙa daga kan gadar katako kana hango kifi na wucewa. Akwai ƙaton lilo mai kama da tayar keke, in ya kai ka ƙoli sai ka yi ta neman rufin gidanku kana ihu. Akwai ƙaramin jirgin ƙasa, da kwale-kwale masu kan agwagwa, da ɗakin madubai inda mahaifiyarmu ta ga kanta ta zama guntuwa kamar tulu, ta yi dariya har ta zauna a ƙasa. Wanka ake yi a sa kayan fita kafin a je. Akwai wani dattijo mai usur, in ka yar da takardar alawa zai yi ta busa maka har sai ka sunkuya ka ɗauka, ko da kuwa kai ne wane.

Yaya ya shiga aikin yana saurayi, a hannun wani tsohon mai fenti mai faɗan tsiya. Ƙa'idar aikin guda ce. Duk shekara in damina ta wuce, sai a tsayar da farantin na 'yan kwanaki, a kankare tsohon fenti tas har a ga katako tsirara, a ƙwanƙwasa a ji ko ya ruɓe, a cike duk ramin da aka samu da garin katako da gam, a goge da sanfefa, sannan a ɗauki buroshi. Tsohon yakan ce masa, "Kai, ka ga katakon da idonka tukuna. Wurin nan bakin ruwa ne, laima ba ta raga wa kowa." Yaya ya riƙe wannan fiye da yadda ya riƙe karatun makaranta.

Sai a kan jimina kaɗai ya karya wannan ƙa'ida, kuma dalilin mace ce.

Wata rana ya gama shafa wa sirdin jiminar kore, ya juya ya wanke buroshi. Kafin ya waiwayo, wata budurwa da ta zo da ƙawayenta ta tsallake igiya ta ɗare a kai, da rigarta rawaya sabuwa fil. Da ta tashi ta ga bayan rigar, ta wanke shi tas a gaban jama'a. Shi kuma gogan naka bai sami abin cewa ba sai, "Yi haƙuri. Gobe zan mayar da sirdin rawaya, in kin sake zama ba zai nuna ba." Ya kuwa mayar. Ita ma ta dawo ta gani ko da gaske yake. Ita ce ta zama matarsa, wadda nake kira Anti.

Daga nan abin ya zame masa al'ada. Duk shekara sai ya dubi rigar da Anti ta fi sawa, ya haɗa launinta, ya shafe sirdi da fukafukai da wuya. Sauran dabbobin yana kankare su kamar yadda aka koya masa, amma jimina ko farce bai taɓa sa mata ba. Na taɓa tambayarsa, ya dube ni kamar na yi saɓo. "Auta, in kankare rigunanta in zubar a kwandon shara?" Allah bai ba su haihuwa ba, kuma Anti mace ce da ta tsani a ɗauke ta hoto, in ta ga mai kyamara sai ta rufe fuska da jakarta. Mu dai muna yi musu dariya, muna cewa ga 'yarsu can tana zagaye da dogon wuya.

Lalacewar Lilo ba rana ɗaya ta zo ba. Wurin ya yi ta sauya hannu, kowane sabon manaja sai ya sa ka yi kewar na baya. Aka fara sallamar mai usur, aka bi da masu shara, aka bi da kafinta. Aka gina gidaje a bayan katanga, duk kwatocinsu aka juyo da su cikin ruwa. Ƙaton lilon ya tsaya wata rana da mutane a sama, aka sauko da su da tsani, bai sake motsi ba. Agwagin nan suka nutse ɗaya bayan ɗaya, kawunansu kaɗai ke leƙe a cikin leda da robobi. Ɗakin madubai kuwa, ban san wane la'ananne ne ya fara ba, ya koma ban-ɗakin duk wanda ya matsu. Mutanen da suka hau dawakin nan suna yara, su ne suka girma suka dawo suna fitsari a gindinsu. Wannan ne abin da ya fi ba ni ƙyama, ya fi warin ma.

Shi kuwa Yaya ko a jikinsa. Kullum da safe sai ya ɗauki gwangwanayensa ya tafi. In na kai masa abinci, hancina a toshe da gefen mayafi, sai in tarar da shi ya duƙa yana gyara wa zaki gashin baki.

"Yaya, wai kai kaɗai ne ba ka jin ɗoyin nan?"

"Ina ji mana. Hanci gare ni."

"To me kake yi a nan? Yaran da za su hau ma ina suke?"

"Jiya biyu sun zo," in ji shi, bai ko ɗago ba.

Haushinsa nake ji a lokacin, ba tausayi ba. Mutum da sana'a a hannunsa, ya tsaya yana yi wa juji kwalliya. Bayan Anti ta rasu, Allah ya jiƙanta, sai abin ya ƙaru. Shuɗiyar riga ce ta ƙarshe da ta ɗinka, don haka duk shekara shuɗi yake shafa wa jimina, shuɗi a kan shuɗi. Ko da aka rufe wurin gaba ɗaya aka sa kwaɗo a ƙofa, mai gadi yakan buɗe masa ya shiga. Sai da gwiwa ta hana shi tafiya mai nisa ya dawo gidana da zama.

Rannan muka ji cewa za a rushe Lilo a yi wurin ajiye motoci. Dabbobin kuma an ba wa wani mai gidan cin abinci zai jera a ƙofarsa. Yaya ya aika aka roƙa masa jimina kaɗai, mutumin ya ce ya ɗauka, shi dama dawaki yake so. Mai gadi ya ce mu zo kafin katafila ta iso. Tun daga ranar Yaya bai zauna ba. Ya sa na janye akwatuna daga kusurwar ɗakinsa, na share, na shimfiɗa darduma. Ya auna tsawon wurin da sandarsa, ya ce kanta ba zai taɓa silin ba. Rabon da in ga yana rawar jiki haka tun ranar aurensa.

Muka tafi da hantsi, ni da shi da babban ɗana, wanda yake tuƙa motar ɗaukar kaya. Tun daga ƙofa zarni ya tare mu. Ciyawa ta kai ƙugu, kana takawa ba ka san me ka taka ba, kuma gara kada ka sani. Ruwan ya yi kauri, ya yi baƙi-ƙirin, ga wata matacciyar akuya ta kumbura ta maƙale a ƙafar gada, ƙudaje sun yi mata rumfa. Wani ya shanya tsummokara a jikin ƙaramin jirgin ƙasa. Na yi ta tofar da yawu har bakina ya bushe. Ɗana ya ce, "Umma, nan ne wurin da kike ba mu labari?" Na ce ya rufe mini baki.

A wurin faranti muka sami ma'aikatan mai gidan abinci suna kwance dawaki. Ƙarti ne majiya ƙarfi, amma kowane doki sai sun taru a kansa suna nishi. Ɗayansu ya ƙwanƙwasa cikin zaki ya ce, "Kai, wannan katako kamar jiya aka sassaƙa shi." Yaya ya ji, ya yi ɗan murmushi, bai tsaya ba. Jiminarsa yake nema.

Tana can daga baya, tana ƙyalli. A duk faɗin ƙazantar nan ita kaɗai ce abin da ido zai sauka a kai bai kauce ba. Shuɗin ya yi sumul, wuyan nan a miƙe. Yaya ya ciro hankici ya share mata ƙura daga fuska. Ɗana ya duƙa da sifana ya kwance notunan ƙafa, ya rungumo cikinta zai gwada nauyi kafin ya kira a taya shi. Sai na ga ya ɗaga ta shi kaɗai.

"Kawu, ai ba ta da nauyi."

"A hankali," in ji Yaya. "A hankali, ɗan nan."

A hankalin ya yi, ni shaida ce. Taku ɗaya ya yi da ita, wuyan ya karye ya faɗo. Cikin ya lotsa a hannunsa kamar ƙwan da aka matsa. Abin da ya zubo ba katako ba ne. Jar ƙasar gara ce jiƙaƙƙiya, da sheƙar ɓeraye ta leda da gashi, da 'ya'yan ɓera jajaye suna motsi, ga kyankyasai sun watsu ko'ina, har cikin hannun rigar ɗana. Wani ɗoyi ya taso wanda ya danne na ruwan. Ɗana ya saki komai ya yi tsalle yana kakkaɓe jiki. Ni kuwa na juya na amayar da abin da na karya da shi a gindin raƙumin dawa.

Babu katako a cikinta ko na ɗan yatsa. Laima ta shiga ta ƙafa, gara ta bi, sun cinye ta tas, Allah kaɗai ya san tun yaushe. Fenti ne kawai yake tsaye da siffar jimina. Duk dabbar da Yaya ya kankare tana nan garau za ta je ta tsaya a ƙofar wani, wadda ya ƙi taɓawa saboda so ita ce ta ruɓe.

Da na goge bakina na juyo, maganganu cike da cikina. Na so in ce masa ai ga irinta nan, ai tsohon da ya koya maka aikin ya faɗa maka, ai ni ma na faɗa. Sai na gan shi a durƙushe a kan gwiwar nan tasa mai ciwo, cikin ƙazantar, yana tona da hannu. Ya ciro wani ɓallin sirdi kamar faɗin tafin hannu. Kaurinsa ya kai na littafi ƙarami, kuma a gefen da ya karye launuka ne a jere, siri-siri, ɗaya a kan ɗaya. Ya kawo shi kusa da ido, ya bi su da farcen babban yatsa daga ƙasa.

"Ga koren da ya ɓata mata riga. Ga rawayar." Ya matsa sama kaɗan. "Wannan ruwan hodar, shekarar da muka tare ce. Jan nan ba ta so shi ba, ni na saya." Ya yi ta bi har ya kai inda shuɗi ya fara, daga nan babu wani launi kuma. Ya tsayar da farcen a nan. Can ya ce, "Auta, ashe ana cinta ta ciki, ni ina ta shafa mata shuɗi."

Ni da ɗana muka kamo shi muka tayar, ya ƙi sakin ɓallin, haka muka dawo da bayan mota wayam.

Yanzu an rushe Lilo, motoci ne a wurin, ruwan kuma yana nan da warinsa. In na bi ta titin ina ɗaga gilashin mota. Dardumar tana nan shimfiɗe a kusurwar ɗakin Yaya, bai bari an mayar da akwatunan ba, kuma ɓallin nan a tsakiyarta yake ajiye shi. Bayan ɓallin duk ƙasar gara ce da kashin ɓera sun manne, in ka shiga ɗakin kana jin warinsu. Na wanke da sabulu, bai fita ba. Shekaranjiya na gaji, na ɗauko wuƙa na zauna a bakin ƙofa zan cire dattin. Ban san yana kallona ba sai da na ji muryarsa daga kan gado.

"Auta, ajiye wuƙar nan. Kada ki kankare."