Mma Memuna da Baƙinta na Ranar Wasa

Da asubar nan wayata ta yi ƙara. Na ɗauka, sai muryar Inusa daga arewa: "Awudu, Mma ta tafi."

Na zauna a bakin gado. Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Mma Memuna ta Zongo ta rasu.

Ni ina nan unguwar Djidjolé a cikin Lomé, amma mutumin da ke can arewa ya riga ni ji. Kuma wannan Inusan shi ne ya taɓa sa ta kuka a bainar jama'a. Zan ba ku labarin, don ba na son in tuna ta da hawaye kawai. Matar nan dariya ta fi yawa a rayuwarta.

Ku yaran yanzu kun tarar da gasar ƙasarmu da kwantiragi da otal da ciyawar roba. Mu ba haka muka same ta ba. A zamanin jam'iyya ɗaya, ɗan wasan rukunin farko ma'aikaci ne da safe. Ni ina tsaron wani kanti a unguwar Nyékonakpoè, golanmu kafinta ne, kyaftin ɗinmu yana aiki a tashar jiragen ruwa. Da la'asar mu haɗu a kan yashi. Ranar wasa kuwa sai masu rawar jam'iyya sun gama waƙoƙinsu kafin a busa usur, mu muna gefe muna ta tsalle don kada jiki ya huce.

Da farko gasar kusan ta mutanen Lomé ce, mu da mu. Sai hukuma ta shiga gyare-gyare, yau a haɗe ƙungiyoyi, gobe a sauya musu suna. Mma takan ce, "Su sa sunan da suka ga dama, ni yarana na sani." A tsakiyar wannan ne ƙungiyoyin arewa suka fara saukowa da ƙarfinsu.

Mma maƙwabciyarmu ce a tsohon Zongo, katangarmu ɗaya. Mijinta mai masaukin fatake ne, masu goro da masu shanu. Da ya rasu ba ta rufe zauren ba. Duk baƙon da ya sauka Zongo bai san kowa ba, gidanta ake nuna masa.

Kuma ba mu da mai goyon baya kamarta. Ɗankwalinta na ranar Lahadi kalar rigarmu ne. Ita ta shawo kan babana ya bar ni in buga. Ta ce masa, "Alhaji, ƙwallo fa ba giya ba ce." In ƙafata ta kumbura, ita ke murza min da man kaɗanya tana yi min faɗa wai ba na duba inda nake takawa. Ranar wasa kuma a gidanta nake karya kumallo, shinkafa da wake da yaji.

To, akwai shekarar da abu ya ƙi mana. Wasa ɗaya ya rage, in aka doke mu mun faɗa rukuni na biyu. Abokan karawar daga arewa suke. Suka iso ranar Asabar da yamma a bayan babbar mota, masaukin da aka yi musu alkawari bai samu ba. Direbansu ya juya kan mota zuwa Zongo, mutane suka nuna masa gidan da aka saba nunawa.

Mma ta leƙa ta ga ko su wane ne. Ta ce a shimfiɗa tabarmi.

Kafin magariba sai ga Baba Sule, shugaban magoya bayanmu. Ina tsakar gidanmu, duk na ji ta kan katanga.

Ya ce, "Mma, Allah ne ya kawo mana su har gida. Ko ki ce ɗakuna sun cika, ko ki ɗan jefa filasko a miya. Ba kisa ba ne, wankin ciki ne na yini ɗaya."

Ta ce, "Sule, tun maigidan nan na da rai ba wanda ya ci tuwonmu ya kwana riƙe da ciki. Ba a kan ƙwallo za a fara ba. Kuna son nasara, ga sitad can, ku nemo ta a filin wasa."

Ya ce in muka faɗi, Zongo ba za ta manta da ita ba. Ta ce ta ji.

Su kuma baƙin nata tsoronsu daban. Sun ga hoton ƙungiyarmu a rataye a zaure, sun ji labarin ɗankwalin. A lokacin kowa ya san ba a cin abincin garin abokin karawa, ruwa ma wasu da nasu suke zuwa. Aka kawo tuwo, suka yi godiya, ba wanda ya buɗe. Da busasshen burodi suka kwana.

Da safe na shigo karin kumallona kamar kullum, sai na tarar da mutanen da zan kara da su zaune a zaure, ga tire a rufe a gabansu. Mma na tsaye, ranta a ɓace. Ban taɓa ganin ta haka ba.

Ta ce, "A gidana mutum ya kwana da yunwa."

Sai ta cafke hannuna ta ja ni gabansu. "Kun san wannan? Awudu ne, lamba huɗu. Shi zai tsare ɗan gabanku yau. Ɗana ne. Awudu, wanke hannu."

Na ce, "Mma, yau fa wasa ne."

Ta ce, "Shi ya sa."

Ta zaunar da ni kusa da wani dogo siriri, shi ne Inusa, ɗan gaban nasu. Na kai loma, duk suna kallon maƙogwarona. Ta juya tiren ta ce in ci ta gefensu ma. Na ci. Ta miƙo min ruwan da aka ajiye musu, na sha. Kocinsu ya yi dariya ya ce bismilla, sai hannaye suka sauka kamar ruwan sama. Inusa ya cinye ya nemi ƙari. Ina kallonsa ina cewa a raina, wannan waken duk a kaina zai ƙare.

A kaina kuwa ya ƙare. Bayan hutun rabin lokaci aka kwaso bugun kwana, na yi tsalle, Inusa ya fi ni tsalle. Ƙwallon nan ɗaya ce ta kai mu rukuni na biyu.

Mma ta zauna a kan benci ta yi kuka har ɗankwalin ya zame. Sannan ta tashi ta riga kowa komawa gida ta ɗora tukunya, don baƙinta suna da doguwar hanya. Tana zuba musu tana cewa, "Ku ci, marasa kunya." Har guzuri ta ɗaure musu.

Abin da ya biyo baya bai yi daɗi ba. Wasu suka daina gaishe ta. Baba Sule ya yi ta faɗa a majalisa wai da hannunta ta ciyar da waɗanda suka binne mu. Ta ce min, "Awudu, in jiya ta dawo haka zan sake yi. Amma akwai zafi."

Allah Ya taimake mu muka dawo rukunin farko. Da lokacin zuwa garin su Inusa ya yi, Mma ta ce da ita za a tafi, aka ba ta gaban mota. Mu kuma kowa da burodinsa a jaka, kamar yadda aka saba.

Tun kafin mu shiga gari muka hango mutane a bakin hanya, Inusa a gabansu. Bai ko gaishe ni ba. "Ina Mma?"

Suka ɗauke mata kaya, suka raba mu gida-gida. Mahaifiyar Inusa ta yi mana miyar zabbi. Da aka ajiye tire, ta ce wa ɗanta ya wanke hannu ya fara ci, shi ma ya juya tiren ya ci ta gefenmu. Baba Sule ya ci har ya kasa miƙewa. Mma ta bari sai da ya suɗe hannu, sannan ta ce, "Sule, ka dai binciki miyar nan kuwa?"

Muka yi dariya har da hawaye. A nan ya durƙusa ya ba ta haƙuri, ta ce ya tashi kada cikin ya fashe.

Wasan mu muka yi nasara, kuma na hana Inusa sakat. Har yau yana cewa alƙalin wasa ne ya taimake mu. Daga ranar abin ya zama al'ada tsakanin ƙungiyoyin nan biyu: mai gida ya sauki baƙo, ɗan wasansa ɗaya ya fara sa hannu a tire. Haka aka yi ta yi har zamanin otal ya zo.

Ganina da ita na ƙarshe bayan Babbar Sallah ne. Ido ya yi rauni, amma rediyo na manne a kunne tana bin wasa. Ta ce, "Yaran nan na yanzu kowa da farantinsa a otal. To ina za su san juna?" Sai ta sa jikarta ta kira Inusa a waya. Ta ce masa, "Har yanzu ban yafe maka ƙwallon nan ba. Ka dai ci abinci?"

Yau da na tambayi Fati, babbar 'yarta, me ya sa Inusa ya riga ni ji, ta ce umarnin Mma ne: in ta faru, a fara gaya wa na nesa, su ke da hanya a gabansu.

Suna kan hanyar yanzu, shi da tsofaffin da suka rage cikin waɗanda suka zauna a zauren nan. Ya tambaye ni inda za su sauka. Fati ta ce tambayar ma ba ta taso ba, an shimfiɗa tabarmi, tukunya na kan wuta. In an dawo daga maƙabarta bayan la'asar, zan wanke hannu in zauna kusa da shi.

Ya Allah, baƙuwarKa ce yau. Ka sauke ta a masauki mafi kyau kamar yadda ta sauki bayinKa, Ka yafe mata kurakuranta, Ka haskaka kabarinta, Ka ba Fati da 'yan'uwanta haƙuri.

Duk wanda ya karanta wannan, ko wace ƙungiya kake goyon baya, don Allah ka sa Mma Memuna a addu'arka.