Baba Gwadabe, Mai Jiran Kunne Ya Huce

Kafin jiniyar kamfanoni ta yi kukan safe, Baba Gwadabe ya riga ya jingine kekensa a jikin shagonsa na bakin titin Sharaɗa. Ya share ƙofa, ya yayyafa ruwa, ya kunna 'yar rediyonsa ƙasa-ƙasa, ya hau benci. Haka yake tun ba a gina rabin kamfanonin nan ba. Gyaran rediyo da rakoda ne sana'arsa, yana kuma haɗa lasifika a akwatin katako. Ƙarshen watan nan zai bar wa ɗansa Muntari shagon, don ido ya daina ganin ƙananan wayoyi.

Ma'aikatan Sharaɗa da Challawa, har na Bompai, sun san shi da doka ɗaya: ba ya sayar wa mutum lasifika ranar da ya fito daga ɗakin saƙa. Wanda ya wuni cikin rugugin injuna da kunne a toshe yake fitowa, komai ƙarar abu sai ya ce a ƙara. Baba sai ya ce, "Je ka kunnenka ya huce, ka dawo ran Lahadi."

Yohanna, masaƙi a Challawa, na cikin waɗanda abin ya ɓata wa rai. Yayarsa Ladi, wadda muke kira Maman Rifkatu, a gidan hayarmu na Na'ibawa take. Mijinta ya rasu. Da aka rage ma'aikata a Bompai ta rasa aikinta, sai ta mai da lungun ɗakinta ofis: tebur, tafireta, rakoda. Wani lauya ke aiko mata da kaset ɗin da ya yi magana a ciki, ita ta buga a takarda. Da shi take ci da yaranta. Kwatsam lasifikar rakodar ta mutu.

Yohanna ya taso daga aiki ya nufi Baba, Baba ya ce ran Lahadi. Yohanna ya yi tsaki, ya wuce wani shagon, ya kwaso manyan lasifika guda biyu, kowacce ta kai ƙugu. Ɗaya aka tura ƙarshen gado, ɗaya kan akwatin kaya. A ɗan ɗakin nan mai rufin kwano, muryar lauya ta koma kamar ana magana cikin randa. Ladi ba ta jin kalmomin, sai ta ƙara murya, sai abin ya ƙara dagulewa. Mu kuwa na tsakar gida, tas muke ji.

"Maman Rifkatu, yau wa aka kai ƙara?" in ji Hajjo maƙwabciyarta, tana wanke-wanke.

Mai gidan, Alhaji Mamman, bai yi dariya ba. Ya ce, "Ko akwatunan nan su fita, ko ku fita tare."

Ran Lahadi bayan coci Yohanna ya koma Sharaɗa yana sosa ƙeya.

"Kunnen ya huce?" in ji Baba.

"Ya huce, Baba. Har ya ji faɗa."

Baba bai nuna masa komai a shagon ba, ya ce sai ya ga ɗakin. Ya zo, ya yi sallama, ya tafa hannu a tsakiyar ɗakin yana sauraro. Ya zauna kan kujerar Ladi, ya tambaye ta, "Kiɗa za ki ji, ko magana?"

"Magana, Baba."

"To me ya kawo na gidan biki nan?"

Washegari ya dawo da wasu 'yan ƙanana biyu, na ƙofar mota, ya sa kowacce a akwatin da bai fi gwangwanin madarar gari ba, ya cusa ragowar audugar masaƙa a ciki. Ya kafa su a bango, dama da hagun tafireta, daidai kunnenta in tana zaune. Ya rage muryar har Yohanna ya ce shi ba ya jin komai daga bakin ƙofa.

"Ai ba kai aka yi wa ba," in ji Baba.

Bayan 'yan kwanaki Alhaji Mamman ya leƙo. "Maman Rifkatu, kin bar aikin ne?"

Ta tashi ta ba shi kujerar. Ya zauna, ya ji lauya na magana kamar a gefensa yake. Ya miƙe ya ce, "To, yi zamanki." Hajjo ce kaɗai ba ta yafe ba, don har yau ba ta san yadda shari'ar filin da lauyan ke magana a kai ta ƙare ba.

Baba, ku ne kuka yarda mai saye ya tafi da fushi, da dai ku ba shi abin da zai cuce shi. Ku ne na Sharaɗa mai duba ɗaki kafin kaya. Mun gode, Allah Ya ƙara lafiya, Ya sa ku huta cikin rufin asiri. Masu sana'a, ku yi koyi da shi: ku tambayi mutum inda zai zauna da abin da zai saurara. Muntari kuwa, in masaƙi ya zo maka da auduga a gashinsa yana cewa a ƙara murya, ka san ranar da za ka ce ya dawo.