Zanen Ƙafa a Kan Kwali

A layin dukawa na kasuwar Omdurman a Sudan, Barira tana kallon wani dogon mutum mai baƙin mai a farce, ƙila makaniki ne daga unguwar Alshajara. Yana miƙa wa baduku kwalin da aka zana ƙafar yarinya a kai, tafin a baje.

"Usta, a sa auduga ta ciki, ɗinki ya koma waje. Fatarta yagewa take kamar takarda."

"Na uku ke nan bana, ya Hajj. Cin takalman take?" in ji badukun.

Mutumin bai yi dariya ba. Yana zura yatsa cikin wani takalmi, yana laluben abin da zai yanke ta.

Barira ta san wannan laluben. Shekara goma sha ɗaya ta yi tana yi wa ɗanta Hazim, wanda likita ya ce kolajin ɗinsa, sinadarin da ke riƙe fata da gaɓoɓi da jijiyoyin jini, ba shi da ƙwari. Jijiya ce ta fashe masa, ya rasu.

"A bar mata sarari," in ji mutumin, "tana girma."

Barira ta sake duban kwalin. Takalman Hazim ta rabar bayan arba'in, ban da na ƙarshe, wanda ita ma ta sa aka bar wa sarari.