Dakan Turmi Babu Hatsi

Bayan rasuwar matata, Allah ya jiƙanta, 'yata Zainab ta tarar da ni tsaye a tsakar gida zan yi salla, na rasa inda gabas take, a gidan da na gina da kaina. Ta kama kafaɗata ta juya ni. Ita malamar Turanci ce a nan Daura. Daga baya muna zaune ta ce kalmar da Turawa ke kiran irin wannan ruɗewa da ita daga daji ta samo asali, wato a kai mutum dawa ya rasa hanya. Wai da can ɓatan ƙafa take nufi, sannan aka mayar da ita kan zuciya. Na ce mu makuwa muke cewa. Sai kakata ta faɗo mini a rai.

Iya Abu muke kiranta. A ƙauyenmu na ƙasar Baure, in sanyi ya shigo, takan hura wutar kara a ƙofar ɗakinta bayan an ci tuwo, mu jikoki mu kewaye ta. Ni ne abokin tsokanarta. "Matsa can, mijin banza," takan ce. "Ko goro ba ka kawo mini ba, ka zo ka tare wa mutane wuta."

Tatsuniyoyinta na dariya ne, ban da guda ɗaya.

Wata yarinya ce ta bi yayarta daji tsintar magarya. Yayar ta gaji da jira, ta ce ta taho daga baya, ai hanya ce da suka sani. Makuwa ta kama yarinyar. Da magariba ta yi ba ta dawo ba, matan gari suka fitar da turame bakin gari, suka yi ta daka babu ko ƙwayar gero a ciki, don ƙarar ta jawo ta gida. Haka ake yi a wancan zamani. Yarinyar ta ji. Amma mai makuwa har kunnensa juyewa yake. Dakan yana bayanta, ita tana jin sa a gabanta. Sai ta ƙara sauri, tana murna ta kusa gida. Da ƙarar ta yi ƙasa, ta ce a ranta hannuwansu ne suka gaji.

"Sai me, Iya?"

"Sai barci. Ku tashi."

"An gan ta?"

"Kai dai in ta kama ka, zauna inda kake. Na gida ne za su zo."

Ba ta taɓa rufe wannan da ƙurunƙus ba. Wata rana na ce, "To Iya, tunda ba a gan ta ba, wa ya gaya miki tana murna?" Ta daɗe tana tona toka da tsinke. Sannan ta ce, "Tana murna." Ko tsokanata ba ta yi ba.

Ranar da aka kai Iya makwancinta, muna dawowa daga maƙabarta, babana ya gaya mini cewa yayar nan ita ce. Ya ce har ta tsufa, in magariba ta yi, ba ta yarda a yi daka a gidanta.

Na girma ina ɗaukar darasin shi ne a zauna kada a yi gaba. Yanzu wani abu dabam nake gani. Babu wanda ya san abin da yarinyar ta ji a dajin nan. Iya ce ta zauna da abin shekara da shekaru, har ta samo wa ƙanwarta hanyar da babu tsoro a cikinta, domin ba ta da wani abin da za ta ba ta.

Ni ma ba na ɗakin sa'ad da matata ta cika a asibiti. Na fita sayo magani, babu kowa a wurinta. Amma duk wanda ya zo gaisuwa, nakan ce cikin sauƙi ta tafi, kamar mai barci. Zainab ta san ba na wurin. Ba ta taɓa gyara mini ba.