Ƙwaya a Cikin Banda

Na sayar da ƙwaya shekara huɗu, na yi biyu a gidan yari. Mahaifiyata ce ta kai ni.

Kafin nan ɗan dako ne ni a Kasuwar Kifi ta Baga Road. Ban yi boko ba, allo ma ban yi nisa ba. Kwalin banda nake ɗauka daga mota zuwa rumfa, tun safe har bayana ya ƙage. Wata rana wani direba ya gan ni ina dafe da ƙugu, ya miƙo min tiramol guda. Ya ce, "Sha, ɗan'uwa, yau kai kaɗai za ka sauke motar nan." Na sha, na kuwa sauke. Cikin wata biyu ba na iya tashi sai da ita. Daga baya ya ce in riƙa sayar masa, tawa ta zama kyauta.

Na kafa tebur a bakin layinmu a Gwange, na jera banda a sama, ƙwaya a ƙasa. Masu keke mai ƙafa uku suna saye, 'yan sakandare suna saye. Na ga yaron da ya faɗi yana kumfa a gabana. Na ja teburina gefe kada ya ture min kaya. Haka na zama.

Sai unguwa ta haɗa kwamiti: Bulama mai unguwa, liman, fasto, malaman makaranta da iyaye mata. Ba su fara da hukuma ba. Duk wanda ake zargi, mata ne ke shimfiɗa tabarma kusa da wurin sana'arsa su wuni. Ba zagi, ba faɗa. Wane yaro zai sayi ƙwaya ƙawar uwarsa na kallo?

Da aka ambaci sunana a taro, Iya ta miƙe ta rantse da Allah cewa kifi kawai ɗanta yake sayarwa. Ta ce ita ma za ta zauna a tabarmar, kowa ya gani da idonsa.

Suka zo su biyar. Mama Saratu, wata tsohuwar malamar asibiti 'yar Biu, ita ce bakinsu. Ta ce, "Ɗana, inuwarka muka zo sha. Ko ruwa ba za ka ba iyayenka ba?" Na kawo musu ruwa. Kwana uku ban sayar da ko ɗaya ba.

Nan ya kamata in bari. Maimakon haka sai na nemo dabara. Na riƙa ƙulle ƙwaya a leda ina cusawa a cikin tarwaɗar banda, in ajiye masu cikin a hagun tebur. Yaro ya zo ya ce kifin hagu, in naɗe masa a takarda a gaban matan. Har Mama Saratu tana cewa, "Yaran bana akwai son kifi!" Iya tana murmushi.

Abin da ban lissafa ba, uwa ba ta neman izini a teburin ɗanta. Ran nan na tsallaka titi yin alwala, Iya ta zaɓi manya biyu na miya, daga hagu, don su suka fi ƙiba. A gida, gaban maƙwabta, ta ɓare, sai ga ƙwaya a leda.

Ba ta jira ni ba. Ta ɗauki kwanon haka ta kai wa Bulama. Da jami'ai suka zo bayan la'asar tana tsaye. Na ce, "Iya, ki saurare ni." Ta ce, "Da sunan Allah na rufa maka. Me kuma zan saurara?"

Gidan yari ba abin ba da labari ba ne. Makon farko jikina ya nemi ƙwaya kamar zan mutu, na yi ta amai da rawar ɗari. Mama Saratu ce kawai ta zo duba ni, sau biyu. Ita ta gaya min liman ya ce wa Iya babu kaffara a kanta tunda ba da sani ta rantse ba, amma ta yi azumin duk da haka, kuma ta daina fita taro don kunya. Wasu na cewa da saninta ta rantse.

Da na fito, na je gaban kwamitin na ce Iya ba ta san komai ba. Na nuna musu duk maɓoyar da na sani: cikin burodi, ƙarƙashin kujerar keke, gwangwanin madara. Na roƙi gafara. Wasu sun yafe, uban yaron da ya faɗi ya tashi ya fita.

Ku matasa, magana ɗaya gare ni. Wanda ya ba ku ta farko kyauta, ku ƙi. In kun riga kun fara, ku je wurin matan nan tun suna kiran ku 'ya'yansu.

Yanzu ina Khaddamari, ina ban ruwa a gonar albasar wani. Bayana yana ciwo, ba na shan komai. Ranar Juma'a nakan je Gwange in durƙusa in gaishe da Iya. Tana amsawa. In aka tambaye ta ko na shiryu, sai ta ce, "Ku tambaye shi."